A Gyara Ta ko a Sayar?

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Haka yake ga mai tsohuwar mota. Ya san kukanta, ya san tarinta na safiya, ya san ƙofar da ba ta buɗuwa sai an ɗaga ta sama kaɗan. Amma akwai ranar da wannan sani duka ba ya isa, wato ranar da makaniki zai share hannu da tsumma ya faɗi kuɗin da ya kusa kai darajar motar kanta. Irin wannan rana ta zo wa wani magidanci a ƙasar Madawa, yadda ya bi da ita kuwa ya isa a ba da labari.

Mutumin yana zaune a wani ƙauye mai nisan kilomita 18 daga kwalta. Da damina yana noma hatsi da wake, da rani kuma albasa. Yana da mota guda, Fijo 504 mai kujeru jeri uku, wadda ya saya a shekarar 2003 daga hannun wani ɗan kasuwa na Sakkwato. Sau uku a mako yana ɗaukar mutane da kayansu zuwa kasuwannin kewaye. Babu wata mota mai kwana a ƙauyen sai ita, domin haka idan ciwo ya tashi da dare, ko naƙuda ta yi gardama, ƙofarsa ake bugawa, ya kai mutum asibitin Galmi ko na Madawa.

Ita Fijo 504 ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A Faransa aka fara ƙera ta a shekarar 1968. Daga 1975 aka soma harhaɗa ta a Kaduna, aka ci gaba har bayan shekarar 2000, sa'ad da Faransa ta daɗe da barin ta. Shi ya sa ta cika tasoshin Kano da Maraɗi da Ƙonni shekara da shekaru, makanikai kuma suka haddace ta kamar tafin hannunsu. Ba ta da kwamfuta a cikinta, ba ta bukatar na'urar gwaji mai tsada. Amma an daina yin ta, kayanta masu kyau kuma suna ta raguwa.

Ranar da ta tsaya

A watan Afrilu na 2024, tsakiyar bazara, yana komowa daga Galmi da fasinja da kaya, sai tiyon ruwa ya fashe a ƙarƙashin murfin inji. Da allurar da ke nuna zafin inji tana aiki, da ya gani ya tsaya nan da nan. Amma allurar ta yi shekara biyu a mace, kullum yana cewa gobe zai sa a duba ta. Ya ci gaba da tafiya cikin rairayi har ya ji ƙauri, ƙarfin motar ya ragu, ta mutu. Cikin ruɗewa ya ƙara kuskure a kan kuskure: ya karɓi ruwan sanyi daga hannun fasinja ya zuba a injin da ke tafasa. Kashegari da igiya aka ja ta zuwa Madawa.

Makaniki ya zaro sandar auna mai, ya nuna masa. Man ya koma fari-fari kamar kunu, alamar ruwa ya shiga cikinsa. Da aka kwance kan injin, sai aka tarar murfinsa, wanda makanikai suke kira kilas, ya lanƙwashe ya kuma tsage. Dalili kuwa shi ne, kilas na 504 da alminiyom aka yi shi, gangar injin kuma da baƙin ƙarfe. Zafi ba ya buɗa su daidai, sanyin farat ɗaya kuma yana fasa alminiyom. Fistan biyu sun kama, sun karce bangon ramukansu.

Makanikin ya ce, “Baba, gangar injin ba ta fashe ba, wannan sa'a ce. Ramukan fistan na wannan mota riguna ne, ana zare su a sa sababbi. Amma za a sayi kilas na hannu, da riguna da fistan da zobbansu, da lagireto, gama wannan ya toshe. Da ladan aiki, kuɗin duka jika 380 ne.”

Magidancin bai ce kome ba. Ya san idan motar tana tafiya lafiya, ba wanda zai ba shi fiye da jika 450 a kanta. A mace kuwa, wani mai sayen tsofaffin ƙarafa ya riga ya taya ta jika 130 tun ba a gama kwance ta ba.

Muryoyi uku

Da ya koma gida, shawara ta zo masa ta hanya uku, kowace da ƙarfinta.

Ta fari daga ƙanensa. Ya ce, “Yaya, wa yake zuba jika 380 a motar jika 450? Wannan ai cika rijiya da tsaba ne. Ka karɓi abin da aka taya ka huta.”

Ta biyu daga ɗansa babba, wanda ya gaji da dariyar samari a tasha, masu kiran motar akwala. Ya ce, “Baba, a sayar da ita, a ci bashi, a sayo ƴar Kwatano. Mutane sun daina shiga irin wannan.”

Ta uku ba ta fito daga bakin kowa ba, daga zuciyarsa ta fito. Ta tuna masa cewa a wannan mota aka kai mahaifiyarsa asibiti a ciwonta na ƙarshe, a cikinta aka ɗauko amaren gida uku. Ta kuma ce masa, bara kaɗai ka kashe jika 140 a kanta, taya biyu sababbi, batir sabo, kuloci sabo. In ka sayar yanzu, duk wannan ya tafi a banza.

Kwana uku yana juya waɗannan magana, bai kai ko'ina ba. Da safe ya yarda da ƙanensa, da rana ya yarda da ɗansa, da dare ya yarda da zuciyarsa. A dare na huɗu uwargida ta ajiye masa tuwo, ta zauna nesa kaɗan, ta ce, “Malam, ni ban san inji ba. Amma tun da kuke magana ban ji wanda ya faɗi abin da motar take shigowa da shi gidan nan ba, ban kuma ji inda kuɗin gyaran zai fito ba. In daga rumbu ne, ko daga shanun noma, to, ina roƙo a bar ta inda take.”

Wannan magana ita ta sauya tafiyar. Gama muryoyin nan uku duk sun amsa tambayar da ba ita ce a gabansa ba. Ƙanen ya dubi kasuwa, ɗan ya dubi idon mutane, zuciya kuma ta dubi baya. Kuɗin da aka kashe bara ya riga ya tafi, ko an gyara motar ko an sayar da ita. Ba ya komowa ta kowace hanya, saboda haka ba shi da wurin zama a cikin shawarar yau. Abin da ke da wurin zama shi ne gobe: me jika 380 za ta saya, kuma da me za a biya ta.

Littafin lissafi

Akwai wani abu guda da ya taimaki mutumin nan. Shekara uku da suka wuce, ƴarsa mai karatu a kwaleji ta fara rubuta masa kuɗin mota a wani tsohon littafin makaranta, abin da ya shiga da abin da ya fita. Da fari wasa ya ɗauke shi. Yanzu ya sa ta ɗauko, suka zauna a tabarma da fitila.

Littafin ya nuna cewa bayan an fitar da kuɗin mai da na yaron mota, abin da ke saura a mako ya kai kamar jika 15. A shekara motar tana aiki mako 48, wato jika 720. A cire gyaran bara, jika 140, da asiransi da sauran takardu, jika 60, saura jika 520. Bisa wannan lissafi, kuɗin gyara zai komo cikin wata tara.

Amma littafin ya faɗi abin da ba shi da daɗin ji kuma. Gyaran 2021 jika 60 ne, na 2022 jika 85, na 2023 jika 140. Hawa yake yi, ba sauka ba. Ribar mako ma ta fi haka a da. Tun daga ƙarshen watan Mayu na 2023, sa'ad da Najeriya ta janye tallafin man fetur, man kwalba mai araha da ke ƙetarowa daga Illela ya daina zama mai araha. Tsohuwar Fijo kuwa mashayiya ce.

Sa'an nan yarinyar ta yi wani lissafi da ya warware maganar kawunta. Ta ce, “Baba, in an gyara domin a sayar, Kawu yana da gaskiya. Jika 130 da za a ba mu yau, a haɗa da 380 na gyara, ya zama 510, motar kuwa 450 za ta yi. Mun faɗi da 60. Amma in domin aiki ne, tambayar ita ce, me jika 510 za ta sayo mana wanda zai yi aikin nan?”

Suka jera amsoshin. Za ta sayi babur. Babur ba ya shan mai da yawa, amma ba ya ɗaukar mutum takwas, ba ya ɗaukar buhun albasa shida, ba a kuma kwantar da mai naƙuda a kansa. Za ta sayi wata tsohuwar mota kamar tasu, wadda ba su san ciwonta ba, gama ba safai mutum yake rabuwa da tsohuwar mota tana lafiya ba. Ƴar Kwatano da ɗan yake so kuwa, an ce musu sai miliyan uku ko fiye. A lokacin iyakar Benin tana rufe tun bayan juyin mulkin watan Yuli na 2023, kaya suna zagayowa ta Lome da Burkina Faso, kowane abu ya ƙara kuɗi. Ribar jika 520 a shekara za ta yi kusan shekara shida kafin ta biya irin wannan bashi, motar kuma ƙasa-ƙasa ce, ba a yi ta domin hanyar ƙauyensu ba.

Shawarar tsohon makaniki

Duk da haka bai ba da umarnin gyara ba tukuna. Wanda ya faɗi kuɗin gyara shi ne zai ci ladan gyaran. Ko da mutumin kirki ne, ba daidai ba ne a ɗora masa nauyin cewa kada a yi. Domin haka magidancin ya biya kuɗin mota ya ɗauko wani tsohon makaniki daga Ƙonni, wanda ya bar aiki saboda ciwon baya, ba shi da abin da zai ci ko ya rasa a cikin maganar.

Tsohon bai ko dubi injin ba. Ya sa yaran garaji suka ɗaga motar, ya shimfiɗa kwali, ya shiga ƙarƙashinta da tocila da ƙaramar guduma. Ya yi kusan awa guda yana ƙwanƙwasawa. Da ya fito ya ce, “Inji ana canza shi. Jiki ne ba a canzawa. Wannan mota ba ta da shasi dabam kamar babbar mota, jikinta shi ne ƙashinta. In ya tsage a inda ƙafafun gaba suke riƙe, ko ya ruɓe a ƙasa, duk abin da ka sa a ciki ka sa shi a tulun da ya huje.”

Ya ba shi labarin wani direba da ya sani, wanda ya sayar da gona ya sa wa motarsa inji mai kyau, bai dubi ƙasa ba. Bayan wata uku, a hanyar burji mai gargada, ƙafar gaba ta huda jikin motar ta fito sama. Allah ya tsare rai, amma ba gona, ba mota.

Ita wannan kuwa, in ji tsohon, jikinta yana da sauran ƙarfi. Ya sami tsaga guda ƙarama a baya wadda walda za ta riƙe. Akwatin giya ba ya yoyo, haƙoransa ba su cinye ba. Birki yana bukatar a duba shi kafin ta ɗauki ko mutum ɗaya. Ya ce ba zai yi alkawarin shekara goma ba, amma uku ko huɗu ba abin mamaki ba ne, in an rage mata lodi.

Ya ƙara da gargaɗi a kan kaya. Ya tuna watan Janairu na 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, kayan Faransa suka ninka kuɗi dare ɗaya. Ya ce tun daga nan kasuwa ta cika da kayan da kwalinsu ya fi cikinsu kyau. Araha ba ta ado. Gara kilas na asali da aka ciro daga wata mota, a kai shi a gwada a tabbata bai tsage ba, da sabo mai ƙyalli wanda ba a san maƙerinsa ba. Ya kuma ce a rubuta kowane abu da kuɗinsa a takarda kafin a fara aiki, a kuma ajiye tsofaffin kayan da aka cire a nuna wa mai mota.

Inda kuɗin ya fito

Saura maganar uwargida. Rumbu ba a taɓa shi, gama tsakanin Afrilu da sabon hatsi akwai wata biyar ko shida, su ne watannin da gida yake gane ko maigida ya iya lissafi. Shanun noma ma ba a taɓa su, damina tana bakin ƙofa. Bashi mai ruwa ya ƙi shi.

Abin da ya rage shi ne albasa. Yana da buhu 35 a rudu, yana jiran kaka, lokacin da kuɗinta yakan tashi. A Afrilu kowa yana da albasa, buhu bai wuce jika 11 ba a wurinsu. In ya sayar da buhu 20 yanzu ya sami 220, ya san ya bar riba a baya. To, ko ya jira? Ya auna wannan ma. Motar za ta zauna mako 20 ba aiki, wato jika 300 da ba za ta shigo ba, albasar kuma tana raguwa a rudu, wata ta bushe, wata ta ruɓe. Jiran bai fi ba.

Akwai kuma abin da littafi bai rubuta ba. A cikin kwanakin da motar take kwance, naƙuda ta kama matar wani maƙwabci da dare. A amalanken shanu aka kai ta bakin kwalta, tafiyar awa huɗu. Ta rayu, jaririn ma ya rayu, amma duk ƙauyen ya ga abin da rashin motar yake nufi. Magidancin bai bar wannan ya rufe masa ido ba. Ya ce wa dattawa a fili, in motar ta kowa ce da dare, bai kamata ta zama tasa shi kaɗai a garaji ba. Aka yarda daga yanzu duk wanda aka kai asibiti, danginsa za su biya kuɗin mai zuwa da komowa, wanda ba shi da hali kuma unguwa ta haɗa masa.

Ya sayar da buhu 20, ya sayar da raguna biyu jika 110, uwargida ta ba shi jika 50 daga adashinta. Ya sa ƴarsa ta rubuta wannan a matsayin bashi, da ranar biya. Aka yi gyara cikin kwana goma sha biyu. An buɗe iyakar Najeriya a watan Maris na shekarar, don haka kayan suka zo daga Sakkwato ba wahala. Abu na ƙarshe da aka gyara shi ne allurar zafi. Kuɗinta jika 4.

Iyaka

Kafin ya ɗauko motar, ya sa aka rubuta abu biyu a shafin ƙarshe na littafin. Na ɗaya, kowane mako za a cire jika 3 a ajiye wurin uwargida, ba na gyara ba, na ranar rabuwa da motar. Na biyu, duk ranar da akwatin giya ko jikin motar ya nemi fiye da jika 150, ba sauran shawara, za a sayar. Ya ce gara ya yanke wannan hukunci yau, hankalinsa a kwance, da ya bari sai yana tsaye a garaji zuciya tana tuna masa abin da ya riga ya kashe.

Kilomita dubu na fari ya bi da ita a hankali, ba lodi, sa'an nan aka juye mai. Kuɗin bai komo cikin wata tara ba kamar yadda aka lissafa. Sai da ya kai wata goma sha ɗaya, domin damina ta yanke hanya mako uku, birki kuma ya ci nasa rabo. Albasa ta yi tsada a kakar, ƙanensa bai fasa tuna masa ba. Amma an biya uwargida a ranar da aka rubuta, rumbu ya kai su sabon hatsi, shanu sun yi huɗa.

Ba kowane mai tsohuwar mota ne zai kai inda wannan mutum ya kai ba. Wani zai bi hanya ɗaya da shi, ya tarar amsarsa ita ce ya sayar, kuma daidai ne. Da tsohon nan ya sami tsaga a ƙafar gaba, da jika 130 ita ce gaskiyar maganar. Da kuɗin sai daga rumbu zai fito, da an bar ta. Abin koyi ba gyaran ba ne, tambayoyin ne. Me motar take shigowa da shi, a rubuce, ba a baki ba? Kuɗin gyara haɗe da abin da aka taya ta, me zai saya wanda zai yi aikinta? Jikinta zai riƙe sabon inji? Wa ya duba ta wanda ba shi da riba a ciki? Kuɗin kuma daga bakin wa za a cire shi? Mai mota da ya amsa waɗannan biyar da gaskiya, ko ya gyara ko ya sayar, ba zai yi da-na-sani mai yawa ba.

Har yanzu samarin tasha suna kiran ta akwala. Magidancin ba ya tanka musu. Kowace safiya kafin ya tayar da ita yakan buɗe murfi, ya duba ruwa, ya duba mai, ya matsa tiyo da hannu. A hanya kuma idonsa ba ya daɗewa bai koma kan allurar nan ta jika 4 ba.